Bugu na Uku

A ƙauyenmu na bayan Kiru, da an idar da sallar isha'i sai mu kewaye murhun kakata Iya Gambo, tana tono mana dankalin da ta binne a toka. Ba ta fara tatsuniya sai ta tsokane ni. "Ga mijina mai kan ƙwarya, ba cefane sai ci." In ce na sake ta, a kwashe da dariya.

Wadda ta fi zauna mini ita ce ta Tani da ƙanwarta Larai, waɗanda aka aurar kogi na tsakaninsu. Da damina ruwa ya cika, ba mai ƙetarewa. Sai suka shirya cewa kullum da hantsi kowacce za ta yi magana da turminta. Bugu uku, a cilla taɓarya a tafa: lafiya ke nan. Bugu ba tafi: a zo da sauri.

Ni da shegen tambaya na ce, "Iya, turmi yana magana?"

"Da mai kunne yake yi, ba da mai kan ƙwarya ba."

Rannan ciwo ya kwantar da Larai. Don tsoron kada yayarta ta faɗa ruwa saboda ita, sai ta sa maƙwabciya ta buga mata lafiya. Bugu uku da tafi, ba kuskure. Amma Tani na ji ta yar da taɓarya. Larai ta taɓa karyewa a hannu tana yarinya, bugunta na uku kullum sai ya ɗan makara. Yau kuwa ya zo daidai. Tani ta rungumi gora ta faɗa kogi, ta je ta yi jinyar ƙanwarta har ta miƙe.

Lokacin ƙarfin halin Tani kawai na gani. Sai daga baya na gane cewa saƙo ba ya ƙarewa a abin da aka shirya; hannun mai aikowa ma yana ciki.

Ina aiki a Kaduna wani direban Kwanar Dangora ya kawo mini kaset daga Iya, domin ta haka ta saba aiko da saƙo. Ta ce lafiya lau, gero ya yi kyau, ta sa mini albarka. Na mayar da kaset baya na sake ji. Ba ƙwarya, ba cefane, har da sunana ta kira ni. Ban kwana a garin ba.

Na same ta kwance, ta rame har na tsorata.

"Wa ya gaya maka?" in ji ta.

"Bugu na uku ne ya zo daidai, Iya."

Ta yi murmushi. "Ashe ƙwaryar tana da kunne."

Tsokanar ƙarshe da ta yi mini ke nan, kuma har yau ina gode wa Allah da na ji ta da kunnena.