Makaɗin da ke Ƙarshen Lungu

Ni ne mutumin da aka gaya wa rasuwa ya ce "Madalla." A ƙofar masallaci na yi wannan, gaban jama'a, don kawai kada a gane kunnena ya tafi. In na ga baki yana motsi sai in kaɗa kai, in na ga haƙora sai in yi dariya. Abin kunyar, tun ina yaro aka gargaɗe ni.

Kakarmu, Inna Yalwa, ita ta yi gargaɗin, a gidanmu na Jakara. In an kwashe tuwo sai ta ja tabarma kusa da murhu, garwashi bai gama mutuwa ba, mu kewaye ta. Ƙasa-ƙasa take tatsuniya, da gangan. In wani ya ce, "Inna, ɗaga murya," sai ta ce, "Kai ka kawo kunnenka, ja'iri. Dillaliya ce ni?"

Wata rana ta ce a kunnen kowa akwai lungu, siriri kamar na bayan gidanmu. "Kun ga yadda muryarku take kumbura in kun yi ihu a lungun nan? To haka na kunne yake. Raɗa ta shiga, ta isa ciki ta zama magana. Ihu ya shiga, ya zama aradu." A ƙarshen lungun, in ji ta, akwai ɗan makaɗi da gangarsa, duk abin da ya shigo shi yake kaɗa wa mutum ya ji. To akwai wani mutum mai son hayaniya, inda ake kwaramniya nan yake yini. Makaɗin ya leƙo ya ce, "Maigida, a bar ni in huta." Mutumin ya yi dariya. Da hannun makaɗi ya gaji, sai ya daina kaɗa kukan tsuntsu. Daga nan ya daina kaɗa muryar yara. Ƙarshe ya rataya gangarsa ya fice, ko sallama babu.

Ni abin da na ɗauka a tatsuniyar, washegari na kafa baki a kunnen ƙanena na kurma ihu, in ga ko makaɗin zai fito. Inna ta murɗe min nawa kunnen har ya yi zafi.

Na girma na kama aikin injin niƙa, a cikinsa na tsufa. Akwai abokin aikina da yake toshe kunnensa kafin a tayar da inji. Amarya nake ce masa, har sunan ya bi shi. Yanzu yana jin kiran salla daga ɗakinsa, ni sai an taɓa ni.

Da 'yata ta matsa aka kai ni asibiti, likitar ta ce ramin kunne yana ƙara wa sauti ƙarfi kafin ya kai ciki, shi ya sa ƙarar inji take ɓarna, kuma siraran muryoyi ake fara rasawa. Abin da ya tafi ba ya dawowa, sai dai a tsare ragowar. Na sunkuyar da kai. Lungun Inna ne, da rigar asibiti.

Ragowar nan nake lallaɓawa saboda jikata Ummi, wadda nake tsokana da amaryata. Rannan na tara jikokina na ba su tatsuniyar makaɗi. Da na gama, Ummi ta matso ta raɗa min wani abu a kunne. Iskar bakinta kawai na ji. Na kaɗa kai na yi dariya, kamar kullum. Ashe cewa ta yi a makaranta ana tsokanarta saboda in'ina, kuma ni kaɗai ta iya gaya wa. Uwarta ce ta fayyace min daga baya, bayan ta lallashe ta ta ji abin da ya faru.

A lokacin dai Ummi ta ja baya, ta tsaya tana kallona. Sannan ta ɗaga murya yadda ba zan kasa ji ba.

"Angona, kai ma makaɗin naka ya tafi ne? Ai da ka faɗa min, da na je ɗaya kunnen."