Layin da Ya Ratsa Ɗakin Gwaggo Kulu

Wata Asabar ce da hantsi, a ƙarshen daminar shekarar da na shiga aji biyar na sakandare, gero ya soma nuna a gonakin bayan Kaura. Ina tsugune a ƙofar ɗakin Gwaggo Kulu, yayar mahaifinmu, na kafa ƙusa a gindin bango, ƙanwata Luba tana can ɗaya kusurwar tana jan bakin igiya. Igiyar shanyar Inna ce na kwance na bi ta da ƙulli, kowane ƙulli mita ɗaya, don tef ɗin awo na makarantarmu guda ɗaya ne tal, malaminmu kuwa gara ya ba ka aron hularsa da ya bari tef ɗin nan ya kwana a waje. Gwaggo tana zaune kan tabarma tana ɓarar gyaɗa, sai na ji ƙarar ɓarar ta tsaya. Na ɗago kai na ga ba ni take kallo ba, igiyar take kallo. Ta ce, "Ke Balki, wa ya aiko ki?" Na ce aikin makaranta ne. Ta ce, "Makaranta ta san da ɗakina?" Na yi dariya, don a zatona wasa take. Ita ba ta yi dariya ba, ta tattara gyaɗarta a faifai ta shige ciki ta saki labule.

Darasin zanen gini da na injuna ne ya kai ni ga wannan igiya. Mu mata ba mu da yawa a ajin, kuma ni na shiga ne don haushi, saboda wani yaro ya ce hannun da ya saba da muciya ba ya iya jan layi miƙaƙƙe. Malam Isiyaku ne ke koyar da mu, wani siririn mutumin Shinkafi mai fensir a bayan kunne, wanda ba ya fara darasi sai ya duba tafin hannun kowa. Ni kuwa kullum da man ƙuli-ƙuli nake zuwa, don sai na taya Inna matsa kafin in fito, saboda haka na sha kora zuwa bakin famfo. Yakan ce, "Fensir ba ya ƙarya, sai dai mai riƙe da shi." A wurinsa na koyi manna takarda a allon zane, da fiƙe fensir har ya yi tsini, da mayar da katafaren bango ɗan layin da bai wuce tsawon yatsa ba. A zangon nan sai ya ce kowa ya je ya auno gidansu ya zano shi iri biyu. Na farko, kamar an ɗauke rufin ana leƙowa daga sama. Na biyu, kamar an raba ginin da wuƙa yadda ake raba kabewa, ana kallon cikinsa daga gefe. Kuma dokar aikin ita ce, a kan zane na farko sai ka ja wani layi mai kauri, mai kibiya a kowane baki, wanda zai nuna ta inda ka bi ka leƙa cikin.

Abin da Malam Isiyaku bai sani ba, ni ma kuma ban yi tunaninsa ba, shi ne gidanmu gidan gado ne da ba a raba ba. Tun da kakanmu ya rasu aka bar shi yadda yake. Baba, wanda yake aikin rubutu a kotu, yana sashen gabas. Ƙanensa Baffa Ɗanjuma, direban da ke jigilar 'yan kasuwa tsakanin Kaura da Shinkafi, yana sashen yamma. Gwaggo Kulu kuma tana tsakiya, a tsohon ɗakin kakarmu. Rijiya ɗaya muke ja, turmi ɗaya ake daka, rumbunan suna jere a bayan gida kusa da turken awaki, kuma in an kwashe tuwo ba ka sanin ɗan wane ɗaki ne ya sa hannu a wane kwano. A inuwar ɗakin Gwaggo muke carafke, a nan take gasa mana hoce, wainar dawa irin tamu, in mun dawo daga ɗiban ruwa, a nan take raba mu faɗa da zagi mai daɗi. Amma akwai kalmar da ba a furtawa a gidan, ita ce rabo. Gwaggo ta taɓa ganin igiya a tsakar gida sau ɗaya, a Zurmi, bayan ta fita takabar mijinta. Dangin mijin suka zo da malamai aka ja igiya, aka ce mata gwaji ne kawai, ƙarshenta tumunin gadon da ya faɗo mata, kashi ɗaya cikin takwas, bai kai ɗaki ba, ta naɗe tabarmarta ta dawo gidan ubanta. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake. Ni a lokacin ina na san wannan? Maki nake nema.

Kafin sati ya zagayo gidan ya canza, ba tare da an ɗaga murya ko sau ɗaya ba. Furar da Gwaggo ke dama wa Baba kullum da azahar ta daina zuwa. Matar Baffa ta ja Luba gefe ta ba ta alewa tana tambayarta ko Baba ne ke karɓar lissafin ƙullin in mun gama. Baffa ya daina tsayawa hira a zaure, in ya kashe mota sai ya wuce sashensa da sallama a taƙaice. A ganinsa, mutumin da ke wuni yana rubuta rabon gadon mutane shi ne zai san yadda ake fara awo a ɓoye, a tura yarinya don kada a ce shi ne. Baba kuma nasa zaton daban. Ai Baffa ne ya sayo mini allon zane da akwatin kamfas daga Gusau, kuma an sha jin sa yana cewa da zai samu fili a gidan nan da ya fasa bango ya yi wa motarsa rumfa. To, me ya sa direba zai kashe kuɗinsa a kan kayan zanen ɗiyar wani, in ba da wata manufa ba? Har Inna sai da ta tsare ni a madafa, ta rage murya ta ce in gaya mata tsakanina da Allah wa ya sa ni. Na rantse har na gaji. Wallahi na ji haushin mutanen gidan nan, manya da su, kowa yana leƙen kowa ta gefen ido a kan aikin 'yar aji biyar.

Na ci gaba da aikina, don taurin kai ba a bar ni a baya ba. Da na zo jan layin leƙen ciki, ban yi dogon tunani ba. Ɗakunan Baba da na Baffa duk bulo ne da kwano, ba abin gani a cikinsu. Ɗakin Gwaggo kuwa ginin ƙasa ne na da, mai kaurin bango, rufinsa ɗaurin guga, bakunan ginin da ke riƙe rufin sun taso daga kusurwoyi sun haɗu a sama, ga alkuki a bango inda kakarmu ke ajiye fitila. Shi ne abin alfaharin gidan, shi nake so Malam ya gani. Sai na ɗora rula na ja layin tun daga zaure, ya bi ta tsakar gida, ya ratsa tsakiyar ɗakinta ya fita ta bayan rumbuna. Zanen ya yi kyau, ba yabon kai ba. Na ce bari in kai mata ta gani da idonta, hankalinta ya kwanta.

Bayan la'asar na same ta tana tsince wake, na shimfiɗa takardar a gabanta. Gwaggo ba ta yi boko ba, amma ba a yi mata bayani sau biyu. Nan da nan ta gane rijiya, ta gane zaure, ta gane turke, har ta ɗan yi murmushi da ta ga ban manta da murhunta ba. Sai yatsanta ya sauka a kan layin. Ta bi shi a hankali daga sama har ƙasa. Ta ce, "Wanga fa?" Na shiga zuba bayani, cewa ba bango ba ne, ba komai ba ne, hanya ce kawai ta nuna cikin ɗaki. Ta bar ni na gama, sannan ta dafa gabas ta ce nan na Malam ne, wato Baba, ta dafa yamma ta ce nan na Ɗanjuma ne. Ta ce, "To ni ina nawa? Rabi can, rabi can." Na duba takardar. Gaskiyarta, layin ya raba gidan biyu cif, kowane ɗan'uwa da sashensa, ɗakinta ne kaɗai aka tsaga. Ta ce, "Haka sunka ce mini a Zurmi, gwaji ne."

Na je wa Baba da kuka, na ce don Allah ya je ya gaya mata ba wanda zai taɓa ɗakinta. Ya ce maganar manya ce, in fita daga ciki. Daga baya na gane abin da ya hana shi. A ganinsa, in ya buɗe baki ya ce ba za a raba ba, ya zama shi ne ya fara ambaton rabo, kuma bai san abin da ƙanensa ya ƙulla ba. Baffa ma haka, yana jira ya ga ta inda wansa zai ɓullo. Da na ga ba sarki sai Allah, na roƙi Malam Isiyaku ya zo da kansa. Ya zo kuwa, bawan Allah, a kan kekensa, aka yi masa shimfiɗa a zaure, Baba da Baffa suna zaune, Gwaggo tana tsaye daga bayan ƙofa tana ji. Ya yi bayani tiryan-tiryan, ya ce duk ɗalibansa sun ja irin wannan layi a gidajensu. Har na fara jin sanyi a raina. Sai daɗin aikin ɗalibarsa ya kwashe shi, ya ɗaga takardar ya ce, "Ku dubi awon nan, babu kuskure ko na yatsa. Wannan ko kotu aka kai shi sai ta karɓa." Innalillahi! Baffa ya juya ya dubi Baba. Baba ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Daga bayan ƙofa muka ji takun Gwaggo tana komawa ciki.

Da aka gama girbi aka ɗaure dammunan gero, Gwaggo ta ce za ta Birnin Tsaba ta ƙasar Zurmi wurin ɗiyarta da ta haihu, ta taya ta wankan jego. Ba wanda ya ce kada ta je, ai zuwa jego ba abin hanawa ba ne. Amma mai zuwa jego ba ta kwance gadon ƙarfe, ba ta sauke jeren kwanoninta, ba ta ɗaukar dutsen niƙa. Duk gidan aka tsaya ana kallo ana loda kaya a motar Baffa, kowa ya gane, kowa ya yi kamar bai gane ba. Baba ya ce Allah ya kiyaye hanya, a gaida mai jego. Baffa ya ɗaure kayan da kyau ya tada mota. Ni na riƙe gefen mayafinta ina rantsuwa ina kuka. Ta shafa kaina ta ce, "Bar kuka, ɗiyata, ban riƙe ki da komai ba. Aiken ki anka yi." Wannan magana ta fi zagi ciwo, don har ta shiga motar ba ta yarda cewa ba wanda ya aike ni ba. Ta gwammace ta fita da ƙafarta da a sake fitar da ita.

Yau zanen gidaje ne sana'ata, a Gusau, a kan kwamfuta, ba igiya ba ƙulli. Hanyar Zurmi da muke bi a da ba tare da tunanin komai ba, yanzu sai an tambayi labarinta kafin a hau, kuma a irin wannan lokaci ne Gwaggo ta rasu a can, ba mu samu jana'izarta ba, sai gaisuwa muka je daga baya. Baba da Baffa sun tsufa, suna wuni a tabarma ɗaya a zaure suna musun farashin taki. Kowannensu ya taɓa gaya mini a keɓe cewa shi fa ɗan'uwansa ya zarga, kuma shi bai taɓa son a raba gidan ba. Ba a kuwa raba ba har yau. Ɗakin yana nan a tsakiya, ana yaɓe shi duk shekara kafin ruwa ya sauka, buhunan gero ne a ciki. In na je gida nakan tsaya a ƙofarsa, in ji yaran yanzu suna wasa a inuwar ba tare da sun san mai ɗakin ba, sai kewarta ta kama ni. Magana ɗaya ta ishe ta ta zauna, ba a samu mai faɗa ba.