Cizon da ban san na yi ba

Salamu alaikum. Kun daɗe ba ku ji ɗuriyata a nan ba, har wasu sun ce ina gidan yari. Saura ƙiris, amma ina gida.

Farfaɗiya gare ni. Yau na faɗa da bakina.

Tun ina saurayi abin ya fara. Sai in ji wani wari kamar ana ƙona roba, daga nan sai in farka a ƙasa, harshe a fashe. Mahaifiyata, Inna, ta ce iska ce, kada kowa ya ji. Aka yi ta rubutu da hayaƙi a uwar ɗaka, asibiti kuwa ko sau ɗaya ba mu leƙa ba.

Ranar kasuwar Sara ina awon riɗi, muka yi cacar baki da wani dattijo, Malam Sabo, a kan cikar mudu. Ba a jima ba na ji warin nan.

Sauran labarin ba ni aka yi. Da na faɗi, shi ne ya fara rugowa, ya cusa yatsansa a bakina wai kada in haɗiye harshe, yadda kowa ke yi a wajenmu. Haƙorana suka datse.

A hannun 'yan sanda na dawo hayyacina, da jinin wani a rigata.

'Ya'yan Malam Sabo suka ce da gangan na cije shi, ai kowa ya ga faɗanmu. Lauyan da ƙanena ya samo a Birnin Kudu ya ce doka ba ta hukunta mutum kan abin da jikinsa ya aikata ba da saninsa ba, amma sai an kawo hujja. Ina katin asibiti? Babu. Maƙwabta kuwa suka rantse lafiyata ƙalau, kuma ba ƙarya suka yi ba, abin da muka nuna musu ke nan.

Wallahi takaici ya kusa kashe ni. Asirin da muka rufa shi ne zai ɗaure ni.

Bayan beli muka kama zarya. Layin kati, ɗibar jini, a ce likita bai zo ba, a dawo wani makon. Gwajin ƙwaƙwalwa sai Kano, aka liƙa mini wayoyi a ka. Ragon layyarmu can ya tafi.

Wata likita ta dubi sakamakon ta ce, “Malam, wannan ba hauka ba ne, ba kuma iska ba. Da ka zo tuntuni, ƙwaya ce kawai.”

Ƙwaya kawai. Na rasa wanda zan yi wa fushi.

A kotu Inna ta miƙe ta ce, “Ranka ya daɗe, ni na ɓoye. Tsoro na ji kada a daina cin abinci da shi.”

Alƙali ya sallame ni. Yanzu ina shan magani safe da yamma, ban sake faɗuwa ba. Sai dai wasu sun daina kawo mini riɗinsu, wai kada yawuna ya taɓa su.

Alhamdu lillahi. Na gode wa Inna, da ƙanena, da likitar nan.

Mai irin ciwona, ka je asibiti, ka adana katinka, ka gaya wa abokan zamanka. Ba a ɗaukar farfaɗiya ta yawu. In kuka ga mutum ya faɗi, ku kawar da abin da zai ji masa ciwo, ku juya shi gefe, kada ku danne shi, kada ku sa komai a bakinsa.

Malam Sabo taimakona ya zo yi. Da guntun yatsa yake jan carbi yanzu, ni kuma har yau na kasa haɗa ido da shi.