Baffa Inuwa da Karan Azbinawa

Bari in tona wa kaina asiri tun kafin wani tsohon garinmu ya riga ni. Ni ne wawan da ya kusa raba ƙauyenmu da Azbinawa saboda dangar kara. Bana shekara hamsin da biyu ke nan da rasuwar mutumin da ya gyara wannan ɓarna, wato Baffa Inuwa, ƙanen mahaifina, shi ya sa na ce in tuna da shi a jaridar nan. Karatuna bai wuce izu biyu ba, su ma da bulala aka ɗura mini, saboda haka inda harafi ya karkace, Edita ya taimaka ya miƙe shi.

Ƙauyenmu yana kusa da Kunci. Gona na jingine da gona, babu saura babu daji, ƙasar kuwa ta gaji da mu tun zamanin kakanni, in ba taki ba ta kallon mutum. Baffa shi ne mai masaukin Azbinawa, mutanen arewan nan masu rawani har hanci, da ke saukowa da gishiri a kan raƙuma bayan kaka. Madugunsu Agali ne, dogo, mai tsadar magana. Sukan fara sauka a gonar Baffa mai gawo, daga nan raƙuma su zaga gonakin gari suna cin kara da harawa, suna bar mana taki. Mu ba su gero, su ba mu gishiri da dabino. Amma abin da ya fi gishirin daraja shi ne labari. Duk abin da ke motsi a arewa, a bakinsu muke fara jinsa.

Akwai alama tsakanin gidanmu da gidan Agali tun ba a haife ni ba: ba a sare karan gonar gawo. In ɗan gaban ayari ya iso ya ga kara a tsaye, amana na nan, a sauka. In ya tarar an share, to gari ya juya musu baya, sai su wuce, ba tambaya ba sallama. Kowa ya san haka, har ni. Sanin ne dai bai hana ni ba.

A shekarar da nake faɗa, Kano da Damagaram ba sa ga maciji. Magana ta zo daga birni cewa a sa ido a kan duk mai fitowa daga arewa. Dagacinmu, mutum ne mai son barci ba fargaba, ya tara dattawa ya ce bana a bar baƙin su wuce. Baffa ya ce, "Ranka ya daɗe, mutanen da ke tsakaninmu da maharan Damagaram, su za mu kora? In muka toshe kunnen arewa, da wanne za mu ji?" Dagaci ya ce, "In abu ya ɓaci, wuyanka ne, Inuwa." Baffa ya ce, "Na ji, wuyana ne."

Ni duk wannan bai dame ni ba, don a lokacin ango nake. Amaryata Kande tana ƙorafin masu wucewa suna ƙirga mata tashin taɓarya. Karan gonarmu siriri ne kamar tsinke, na gonar gawo kuwa takin raƙumi ya sa ya yi kauri kamar gora. Baffa ya tafi gaisuwar mutuwa ta kwana uku, sai na ce a raina ai ayari da saura, kafin su zo na kakkafa wani karan a wurin, wa zai gane? Na wasa adda na kwashe shi tas. Na yi dangar da mutane suka riƙa tsayawa kallo. Rana ta uku mata suka dawo daga rijiya suka ce sun ga mai raƙumi ɗaya ya tsaya a bakin gonar gawo ya juya, can an jima kuma sun hango ayari ya bi ta yamma da gari.

Da Baffa ya dawo bai dake ni ba, da ma dukan ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya tsaya ya shafa dangar ya ce, "Ta yi kyau, Tanko. Kwance ta." Na kwance. Kande ta fito ta riƙe ƙugu ta ce, "Jiya ina gidan sarauta, yau ina bakin kasuwa. Sannu da aiki, maigida." Baffa ya sa na ɗaure dami guda, ya ɗora mini a ka da hannunsa, muka bi sawun raƙuma.

Kwana biyu muna tafe. Duk garin da muka ratsa sai wani ya ɗaga murya, "Malam, can inda za ka ba a noma dawa ne?" Baffa ko murmushi bai yi ba. Muka cim musu a wata rijiya kusa da Tofa. Agali ya amsa sallamarmu kamar yadda ake amsa ta baƙon da ba a sani ba, bai ce mu zauna ba. Baffa ya ce in sauke. Ya nuna damin ya ce, "Ga karanka, ga wanda ya sare shi. Ba gari ba ne, ba sarki ba ne, ba ni ba ne. Ango ne."

Agali ya daɗe yana kallona ta tsagar rawani. Can ya ce, "Matar tana da kyau?" Na ce, "Daidai gwargwado." Mutanensa suka kwashe da dariya, ni kuwa gumi har cikin ido. Da dariya ta lafa ya ce wa Baffa ya ji maganar da ta fito daga birni tun a hanya. "Da ka aiko ka ce kada mu zo, da na gane, kowa da sarkinsa. Amma in tarar da gonar a share, ba kalma ko ɗaya, wannan ya yi mini zafi, Inuwa." Baffa ya ce, "Shi ya sa na zo da ƙafata." Washegari rabin raƙuman suka juyo tare da mu.

Gab da damina, bayan ayari ya koma da kwanaki, muna alwalar azahar sai ga ɗaya daga cikin mutanen Agali a guje, raƙuminsa na kumfa. Ya ce madugu ya ce a faɗa wa Inuwa mahara suna tafe ta hanyarmu, kada a kwana biyu. Muka kwashe mata da yara da dabbobi muka shige gari mai ganuwa. Suka zo suka ƙone rumbuna, ba su sami mutum ko ɗaya ba. Wani ƙauye gabas da mu, da ba su da mai gaya musu, har yau akwai gidajen da ba su san inda 'ya'yansu suka ƙare ba. Dagacinmu kuwa ya riƙa faɗa wa kowa cewa da ma shi ya hana a kori Azbinawa. Baffa bai taɓa musa masa ba.

Shekara uku bayan haka Allah ya karɓi abinsa, tun Turawa ba su shigo ba. Nakan zauna in ce, da zai leƙo yau me zai ce? An ja layi tsakaninmu da arewa, can Faransi, nan Ingilishi, raƙumi sai da takarda. Gishiri ya koma zuwa a buhu ta jirgin ƙasa, fari fes, dabba ta lasa ta kalle ka. Ina ji ana karanta cewa manya na zama a kan yadda za a yi hulɗa da ƙasashen arewa, don duniya ta sauya. Na san Baffa ba zai raina zaman ba. Tambaya ɗaya zai yi: in sun zo, a gidan wa za su sauka? Kuma zai yi dariya har da hawaye in ya ji ni na gaji masaukin.

Bai bar dukiya ba, bai bar sarauta ba. Abin da ya bari su ne mutanen da na ga ana goye da su a hanyar ganuwa, yau ga su da furfura da jikoki, yawancinsu ba su ma san sunansa ba. 'Ya'yan da muka haifa da Kande daga baya ma albarkacinsa suka ci. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Na riƙe masaukin iyakar iyawata, ayari na raguwa kowace shekara. Zuwan Agali na ƙarshe ya tsufa, sai an kama shi yake hawa. Na raka shi har bakin gari. Raƙumin ya miƙe da shi, ya sunkuyo ya ce, "Tanko, tun ina yaro nake kwana a gonarku, na san kowace rijiya ta garin nan. Ku yaushe ɗayanku zai zo ya ga inda nake kwana?"