Ranar da Na Tura Baburin Surukina

Da ana komawa baya a gyara rana, akwai wata Laraba a Kebbe da zan fara da ita. A ranar na sa hannuwana biyu na tura surukina a kan babur, na bar shi yana zaton lantarki ne ya ɗauke shi.

A lokacin gyaran rediyo nake yi a bakin kasuwar Tambuwal. Karatuna bai wuce firamare ba, amma na haɗa wata 'yar rediyo da ba ta cin batir. Waya ɗaya a kan dogonyaro, ɗaya a binne cikin ƙasa mai laima, in ka manna abin ji a kunne sai ka ji labarai can ƙasa-ƙasa kamar sauro na magana. Wannan kam gaskiya ne, kuma shi ya kumbura mini kai.

Sai wani direban babbar mota ya kawo gyara, ya zauna yana ba ni labari. Wai a zamanin da wani Bature ya yi mota ba tanki, akwati ɗaya kawai da sanda a sama, tana zuƙar lantarki daga iska. Wai masu sayar da fetur suka tsorata, suka saye akwatin suka jefa teku. Na tambaye shi ko ya ga motar. Ya ce shi dai bai gani ba, amma wanda ya gaya masa mutum ne mai gemu. Na ce a raina, wayar da ta jawo murya, in an ƙara mata tsawo ai za ta jawo taya.

Shekarar ana wahalar fetur. Mahaifin matata malami ne a Kebbe, baburinsa ya yi wata biyu a jingine a zaure. Mutum ne da in an yi rikicin iyakar gona shi ake kira, in ya ce nan ne, kowa ya ɗauki fartanyarsa ya tafi. Ba a taɓa kama shi da magana biyu ba. Tsakanina da shi kuwa kunya ce irin tamu: ba ya kiran sunana, ba ya duban fuskata, ni ma in na durƙusa gaisuwa ƙasa nake kallo. Ta bakin matata na aika cewa zan sa baburin ya yi tafiya ba mai.

Ta ce, "Maigida, ka tabbata?"

Na ce, "Ke mi kinka sani ga lantarki?"

Kwana uku na yi. Na ɗaure akwatin katako a bayan baburin, na cika shi da naɗin waya, na kafa masa gora mai tsawon mutum biyu. Ranar Laraba bayan Azahar, gari ya yi tsit saboda zafi, muka fitar da shi bayan gida inda hanya ke gangarawa fadama. Malam ya gyara rawani, ya yi bisimilla, ya hau. Na murɗa makunnin da na sa. Shiru. Na sake murɗawa. Akuya ce kawai ta yi kuka.

Malam yana duban gaba ya ce, "A faɗa wa mutumen Tambuwal na shirya." Ba kowa a wurin sai ni.

Nan ya kamata in ce abin ya ƙi. Maimakon haka na ce zan riƙe gorar ta daidaita. Na duƙa bayan akwatin, na dafa, na tura. Na yi gudu da shi har gangaren ya karɓa, sannan na saki. Na san ba zai waiwayo ba, don waiwayowa na nufin mu haɗa ido. Ya sulale har bakin fadama, ba ƙara ba hayaƙi, babbar rigarsa ta cika da iska.

Da ƙafa ya dawo yana jan baburin, yana haki, fuskarsa cike da murna. Ya ce wa katanga, "Tahiya kam ya yi. Dawowa ce ya ƙiya." Na ce rana ce ta karkata, lantarkin ya koma yamma.

Bayan La'asar ya faɗa a majalisa cewa baburinsa ya yi tafiya ba mai. Da ni na faɗa, da an yi dariya an wuce. Amma Malam ne. Kafin Juma'a labari ya kai Sanyinna, har wani ya aiko tambaya ko injin niƙa ma na shan iska.

Da aka sauko daga masallacin Juma'a aka taru a fili don a gani da ido, wuri shimfiɗe kamar tabarma. Malam ya hau. Na murɗa makunni, babur bai motsa ba. Ido ya fi ɗari a kaina, ba damar duƙawa. Malam yana da wani taubashi, mahauci, wanda tun suna yara suke tsokanar juna. Shi ya fara.

"Malam, ko a kawo mahuci a ƙara mishi iska?"

"Kai dai tsaya ga naman ka," in ji Malam. "Na hau shi da kaina, ya tahi."

Mahaucin ya ce, "Wallahi ya tahi! Wata mai tallan nono ta hango ku daga nesa. Ta ce wanga lantarki har takalmi gare shi, ɗaya ma ya cire ya koma ya ɗauka."

Fili ya ɗauki dariya, wani tsoho har ya zauna ƙasa. Malam bai yi dariya ba. Ya sauko a hankali, ya juyo, ya dube ni cikin ido. Shekara tara ina auren 'yarsa, ranar na fara sanin idonsa ɗaya ya fi ɗaya ƙanƙanta. Jira yake in yi magana. Na sunkuyar da kai ina gyaran wayar da ba ta lalace ba.

Sai ya fuskanci jama'a ya ce, "Ni na faɗa, kuma ni na yi kure. Na ba da shaida ban duba bayana ba. Ku yafe mini." Bai ambace ni ba.

Da damina ta zo aka kira shi raba iyakar gona, ya ce a nemi wani. Aka sake zuwa, ya sake cewa haka. Har ya bar duniya bai ƙara tsayawa shaida ba, ko ta cinikin akuya. Bai taɓa tayar mini da maganar ba, ni kuma duk sanda na yi niyyar neman gafararsa sai in ce sai an jima. In na kai gaisuwa ya amsa yana duban katanga, ya sa a kawo mini fura.

Yanzu ina jin labarin motar Baturen nan ya dawo cikin wayoyin hannu, har da hoto. Wanda yake son ɗaura gora a babur, ya ɗaura a nasa. Abin da nake roƙonku shi ne kada ku yi irin shirun da na yi a filin nan. In abu ya ƙi, ku ce ya ƙi tun dattijo bai hau ba.