Irin Waken Inna a Cikin Firiza

Shekarar da na sayi firiza mai amfani da hasken rana, na zama mace mai surutu a kan sanyi. Ina koyar da kimiyya a Birnin Kudu, saboda haka duk wanda ya shigo gidana sai ya sha bayani, ko bai tambaya ba.

Ana nan sai mahaifiyata ta zo daga Maruta da ƙullin irin wake. Jan wake ne mai ɗigo-ɗigo da ta gada wurin tata uwar, kuma a ƙauyen ya ƙare sai wannan ɗan abin da bai cika ƙwarya ba. Ƙwari sun shiga. Idan suka cinye shi kafin damina, shi ke nan.

Na ce, "Inna, kawo. Sanyin nan ba ya barin ƙwaro."

Ta ce ita za ta saka da hannunta. Da rana tsaka na je ɗaukar ƙanƙara, sai na tarar da wani dunƙule kamar jariri. Ta naɗe ƙullin da zane, ta ƙara da tsohon bargona, wai kada sanyi ya kashe irin. Na yi dariya har da hawaye, na bar shi.

Bayan 'yan kwanaki muka zazzage shi a faifai. Baƙaƙen ƙwarin sun mutu. Amma akwai wani farin abu kamar garin tuwo a jikin waken, na ɗauko gilashin ƙara girma da nake kai wa ɗalibai. Ƙananan halittu ne masu ƙafa takwas, a sandare. Da ɗumin rana ya taɓa su, sai ɗaya ta miƙe ƙafa. Sai wata. Can faifan ya fara motsi.

Wallahi daɗi ya kama ni kamar an yi mini albishir. Na karanta wannan a littafi, ban taɓa zaton zan gani a tsakar gidana ba. Idan sanyi ya zo musu a hankali, sukan rage ruwan jikinsu, su tara wani abu mai kama da sukari da ke hana ƙanƙara fasa su. Bargon Inna ne ya ba su lokacin shiri. Ina ta zuba ina nuna mata, ita kuwa idonta na kan wakenta.

Ta ce, "Ke murna kike yi sun rayu?"

Na ajiye gilashin. Ta juya wake ɗaya a tafin hannu, ta ce, "To, kin ce bushewa ce ta tsare su. Shi irin fa?"

Na ce shi ma idan ya bushe ƙarau, sanyi ba zai taɓa shi ba.

Muka shanya shi sosai. Ta zuba a leda, ba zane ba bargo, ta ajiye a ƙasan firizar. Wannan karon ya daɗe a ciki, kuma kullum sai ta leƙa.

Da muka fitar, faifai bai motsa ba. Ba ta yarda ba tukuna. Ta ɗebi kaɗan ta binne a fasasshiyar tukunya, tana ba shi ruwa safe da yamma, ta ƙi komawa gida.

Wata safiya ina shirin makaranta na ji ta kira ni da sunan da take kirana ina ƙarama. Tana durƙushe gaban tukunyar, ƙasa ta tsage, korayen kawuna sun ɗago.

Ta ce, "Zo ki gaida kakarki."