Rabin Kaskon da Kika Bar Mana

Da la'asar ɗin ranar Talata, sha biyu ga Satumba, Allah ya karɓi ran surukata, Tránsito Menjívar, wadda duk garin Olocuilta ke kira Niña Tránsito. Shi ya ba mu aronta, shi kuma ya karɓi abinsa. Ta rasu a ƙarƙashin rumfar kwano ta ƙofar gida, inda ta shafe fiye da rabin rayuwarta tana toya wa matafiya pupusa, wato wainar ƙullu mai cushen wake da cuku. Likita ya ce zuciya ce.

Mama, ni na fara ganinki. Na shiga ciki ɗauko ruwa, na fito na tarar da ke zaune a ƙasa, kin jingina da tukunyar gas, hannunki a kan makullinta. A rufe yake gam. Har yau wannan nake juyawa a raina. Ciwo ya kama ki a tsaye kina tsakiyar shafa wa kasko mai, amma ba ki kira ni ba, ba ki nemi kujera ba. Ɗan ƙarfin da ya rage miki, da shi kika durƙusa kika rufe gas, saboda akwai mutane a gidan.

Lokacin da ɗanki Neftalí ya kawo ni gidan nan, littattafan soyayya sun fi tufafi yawa a akwatina. 'Yarki Idalia ta yi ta dariya, ta ce an auro musu ɗakin karatu. Ke ba ki yi dariya ba. Kin ba ni ƙullu, kin ga yadda wake da cuku suke ɓallewa ta gefe a hannuna, sai kika jawo kujera kusa da kasko kika ce, "Hannunki bai iya ba tukuna, amma bakinki ya iya. Zauna ki karanta mini." Tun daga ranar nake karanta miki, kina marin ƙullu tsakanin tafukanki, kina yanke wa mutanen cikin littafi hukunci tun marubucin bai kai wurin ba.

Wata muguwar mura ta ɗauke miki jin wari tun kafin in zo, kuma ba ki taɓa ɓoye tsoron da hakan ya sa miki ba. Shi ya sa ko da ruwan sama yana feso mu, ba ki yarda a shigar da kaskon ɗaki. Duk ranar da aka kawo sabuwar tukunyar gas, sai kin haɗa ruwan sabulu kin shafa a tiyo da mahaɗarsa, kin tsura ido ko kumfa za ta tashi. Ko bayan haka sai kin kira ni.

"Ke, 'yar littafi, ajiye saurayin nan naki na takarda, zo ki ara mini hancinki."

"Mama, yanzu fa zai gaya mata gaskiya."

"Wa? Wannan mai gashin bakin? Ƙarya zai shirga mata. Zo ki shinshina."

Sai na ce babu wari kike ƙyasta ashana. A gidanmu ba a taɓa amince mini da komai ba, ga shi ke kin ɗora ran gidanki a kan hancina.

Kaskon nan shimfiɗaɗɗen ƙarfe ne mai faɗin tebur, baƙi wuluk, yana sheƙi. Kin ce da kika saye shi fari ne, man da kike ƙona masa kullum ne ya zame masa fata. Da yamma, tun bai huce ba, za ki kankare shi, ki yayyafa ɗan ruwa, ki goge har ya bushe ƙarau, sannan ki bi shi da tsumma mai ɗan mai kaɗan, daga hagu zuwa dama. Kina cewa sabulu na tiyo ne, ba na kasko ba. Pupusar farko ta kowace safiya kuwa ba ta sayarwa ba ce. Duk wanda ya fara wucewa da alamar yunwa, tasa ce, kuma ba ki tambayar sunansa.

Muka yi kwana tara na addu'a, da kyandir da kofin ruwa a gaban hotonki. Ba wanda ya leƙa rumfa. Ni dai kullum da asuba sai in ji tafinki, tas, tas, tas, kamar kina can kina marin ƙullu. Neftalí ya ce ɗigar ruwa ce a kan kwano. Amma na ga shi ma idonsa a buɗe yake, yana saurare.

Da aka gama addu'o'in muka fita, muka yi tsaye. Rabin hagu na kaskon baƙi ne, yana sheƙi kamar yanzu kika ɗaga hannu. Rabin dama, inda kika kankare ba ki kai ga shafa mai ba, damina ta cinye shi, ya yi ja jawur da tsatsa. A tsakaninsu ga layi a lanƙwashe, daidai inda tsummanki ya tsaya.

Idalia ta ce kada kowa ya taɓa. "Nan hannun Mama ya tsaya. Wanda ya goge wannan, ita ya goge."

Neftalí ya ce, "Yaya, in muka bar shi har ƙarshen damina, zai yi ramuka, sai dai masu sayen ƙarafa. Da me za mu ci?"

Haka muka bar shi. Direbobin da suka saba tsayawa suka riƙa rage gudu, su leƙo, su wuce. Ni kuwa kowace safiya ina fita in duba layin, in ga jan ya ƙetare shi da faɗin ɗan yatsa. Ina tsoron taɓa shi, Mama. A littattafaina, irin wannan alama ajiye ta ake yi har abada. Amma ƙarfe ba ya ajiye komai sai an kula da shi, kuma tsatsar ba ta jira mu yanke shawara ba, tana cin hannunki a hankali muna kallo.

Shekaranjiya na ɗauki makankarinki na fita. Idalia ta tsaya a bakin ƙofa ta daɗe tana kallona. Na ɗauka za ta ƙwace. Sai ta juya ciki, ta dawo da kwanon ruwan sabulu, ta shafa a tiyo da kanta, ta ce, "To 'yar littafi, shinshina mana." Babu wari. Muka kunna. Na kankare jan, na zuba mai na bi shi da dutsen guga, muna ta sauya tsumma har ya daina fitowa da datti. Da na zo kan layin hannuna ya ƙi tafiya. Idalia ta ɗora nata a kan nawa, muka tura tare.

Daga nan sai shafa mai siriri, a bar shi ya ƙone har hayaƙi ya ɗauke, a sake shafawa. Aiki ne na jira. A cikin jiran na ɗauko littafin da muka bari saura babi ɗaya, na zauna a kujerata, na karanta miki shi da ƙarfi har ƙarshe. Kin yi gaskiya, Mama. Ƙarya ya shirga mata.

Jiya muka toya. Pupusata ta farko ta fito a karkace, wani mai tura amalanke ya cinye ta a tsaye. Rabin dama bai kai naki baƙi ba, zai ɗauki shekaru. Yau da asuba na farka na saurara, ban ji tafin ba. Na ɗauka zan samu sauƙi, ashe shirun ya fi nauyi.

Ubangiji ya ji ƙanki, Niña Tránsito, ya gafarta miki, ya ba ki hutun da ba ki yarda kin ba kanki a nan ba. Yadda kika ciyar da waɗanda ba ki san sunansu ba, ya karɓe ki da sunanki. Ina miƙa ta'aziyyata ga Idalia da Neftalí, da dukkan dangin Menjívar, da duk wanda ya taɓa cin ta farko. Allah ya ba mu haƙuri.

Ki kwanta da natsuwa, Mama. Na shafa man har ƙarshen dama, kuma na rufe gas.

Surukarki, Marleni.